Daga bulutut zuwa TikTok: wa sanda take sauka a kansa in aka ce tarbiyya ta lalace?

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci muna zaune a majalisa, wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki wallahi, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi da yana da iko a ƙasar nan da gobe-goben nan zai sa a rufe TikTok kowa ya huta. Aka ce gaskiya ne Alhaji. Ni dai ban tofa ba, don hankalina yana kan wayarsa, bidiyon da ya fusata shi ɗin a ciki yake, kuma kafin a tashi sai da wayar nan ta zaga hannun mutum wajen bakwai, kowa na cewa mu gani, innalillahi, biyu ma suka ce a tura musu wai za su nuna a gida a ja wa yara kunne. Yarinyar da take rawar ba ta san da mu ba, amma a zaman nan kaɗai mun ƙara mata 'yan kallo tara.

Abin ya tuna min 2007. Wanda yake Kano a lokacin ba sai an ba shi labari ba. A watan Agusta wani bidiyo na wata 'yar fim ya fita, wanda aka ɗauka da waya a ɗaki, ba fim ba ne, ba a yi shi don kasuwa ba, namijin da ke ciki ma ba ɗan fim ba ne. Lokacin babu WhatsApp babu data mai arha, bulutut ne kawai, ka matso da wayarka kusa da ta wani a tura maka, amma cikin 'yan kwanaki ya gama gari. Na tuna wani mai cajin waya a unguwarmu da yake karɓar kuɗi yana turawa, da yamma kuma shi ne kan gaba wajen tsine wa 'yan fim. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata shida, aka kawo Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar tace fina-finai, aka fito da sababbin sharuɗɗa, aka sa kotun tafi-da-gidanka tana yanke hukunci nan take. 'Yan wasa da mawaƙa suka shiga gidan yari, a ƙarshen 2008 aka ɗaure furodusa Hamisu Lamido Iyan-Tama, mutumin da ya nemi kujerar gwamna a zaɓen 2007, sai da ya yi watanni a ciki kafin babbar kotu ta rushe hukuncin. Da yawa suka tattara kyamarorinsu suka koma Kaduna da Jos. Masu dinki, masu girki a lokeshin, masu tura baro da kaset a kasuwar Ƙofar Wambai, duk suka sha zaman banza a kan laifin da ba su san lokacin da aka yi shi ba. Su kuwa dubban da suka yi ta turawa, ban ji an tambayi ko ɗaya ba.

A shekarar nan dai, kafin ma bidiyon, hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan soyayya ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. Yayata tana cikin masu ɓoye irin littattafan nan a tsakiyar littafin bayoloji, haya take karɓowa, in Baba ya shigo sai ka ga ta dage kamar mai shirin zama likita. A lokacin an ce su ne suke lalata 'ya'ya mata, su suke koya musu bijire wa zaɓin iyaye. Yau yayar tawa tana da 'ya'ya biyar, ita ce kuma take kirana tana cewa don Allah ka yi wa 'yarka faɗa ta rage TikTok.

Turawa masu nazarin zamantakewa sun daɗe da ba wa wannan abin suna, in za a faɗe shi da Hausa sai a ce firgicin lalacewar tarbiyya. Wani masani a Ingila, Stanley Cohen, ya yi rubutu a kai a 1972, bayan ya bibiyi yadda jaridun ƙasarsu suka kambama faɗan da wasu gungun samari suka yi a garuruwan bakin teku a 1964, har aka riƙa magana kamar ƙasar ce za ta rushe. Abin da ya lura da shi kusan shi ne namu: wani abu ya faru, kafafen labarai su hura, masu faɗa a ji su fito su ce ga waɗanda suka jawo, a samu wasu 'yan tsiraru a ɗora musu laifin duk abin da ke damun al'umma, hukuma ta fito da doka mai zafi, bayan ɗan lokaci ƙura ta lafa a manta. Amma dokar ba ta tafiya tare da ƙurar, tana nan a aljihun hukuma.

Kar wani ya ce ina cewa babu ɓarna. Akwai ta, ruwa ba ya tsami banza. Ni ma ina da yara, na ga abubuwa a TikTok da Hausa, da bakin 'ya'yan Hausawa, da ba zan iya maimaitawa ba, ashar tsirara, tallar kayan mata da kalaman da ko a ɗakin amarya sai an rage murya, yara ƙanana ana sa su rawar da ba ta shekarunsu ba don a samu mabiya. Uwar da ta ga wannan ta tayar da hankalinta tana da gaskiya, malamin da ya hau mumbari ya yi faɗa a kai aikinsa ya yi. Inda nake so mu tsaya mu duba shi ne abin da ke faruwa bayan an tashi daga huɗuba, lokacin da maganar ta isa teburin ɗan siyasa.

Shi ɗan siyasa irin wannan hayaniyar garaɓasa ce a wajensa. Gyaran makarantu yana cin biliyoyi da shekaru, samar wa samari aikin yi sai a gama wa'adi ba a ga alamarsa ba, amma kama 'yan TikTok biyar a nuna su a gaban kyamara ba ya buƙatar ko sisi a kasafin kuɗi, kuma gobe da safe za a yaba maka a gidajen rediyo. Haka nan in ya ga iska ta juya, janyewa ma kyauta ce. A 2016 gwamnatin Buhari ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, na kusan naira biliyan 3, malamai suka yi ca, soshiyal midiya ta ɗau zafi, cikin 'yan kwanaki aka ce an fasa. Ko kana goyon bayan ƙauyen ko ba ka yi, abin lura shi ne babu wanda ya zauna ya yi muhawara a kan me za a gina, wa zai kula, wace ƙa'ida za a bi. An ji zafi an saki, fim kuma aka ci gaba da yinsa a gidajen haya da otal-otal inda babu mai sa ido ko kaɗan.

Sannan akwai wani abu da yawancin masu cewa a rufe ba su sani ba, gwamnan jiha ba shi da ikon rufe TikTok ko Facebook. Harkar sadarwa ta gwamnatin tarayya ce, hukumar NCC ce take ba MTN da Airtel da Glo umarni. Kamfanin kuma ba shi da ofis a Kano ko Gusau balle a aika masa sammaci. To in jama'a suka matsa sai an yi wani abu, me ya rage a hannun jiha? Mutanen da hannu zai iya kaiwa gare su. Shi ya sa kullum za ka ga waɗanda ake kamawa kala ɗaya ne, 'yan mata da zawarawa 'ya'yan talakawa, da 'yan barkwanci masu waya ɗaya da fitilar zobe. 'Yar mai kuɗin da take irin wannan daga Abuja ko Dubai, sai dai a yi ta a kwament. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

Kuma shi kamun ma talla ne. Manhajar ba ta san yabo ba ta san zagi ba, abin da take ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya suka kalla, nawa suka yi magana, nawa suka tura. Wanda ya rubuta Allah ya shirya da wanda ya rubuta kin yi kyau, a wajenta duk ɗaya ne, kowannensu ya ce mata ƙara nuna wa wasu. Don haka ranar da aka kama yarinya sunanta ya shiga labarai, wanda bai taɓa jin ta ba ma sai ya je ya nemo, ta fito mabiyanta sun ninka, masu tallar turare da atamfa suna layi. Yaran da ke kallo daga gefe kuma sun gane darasin sarai.

Hisbar Kano ma da alama ta fahimci haka a wani lokaci, don a ƙarshen 2023 kwamandanta Sheikh Aminu Daurawa ya gayyaci 'yan TikTok aka zauna da su, aka yi nasiha, har da maganar taimaka musu da jari da aure. Amma watanni kaɗan bayan nan sai ga rikicin da ya nuna yadda siyasa ta cakuɗe da abin. Aka kama wata fitacciyar 'yar TikTok, aka kai ta gidan yari, sai kuma aka ji ta fita ta wata hanya da ta jawo ce-ce-ku-ce, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fito a gaban malamai ya soki yadda Hisba take kamen mata ana jefa su a mota, washegari 1 ga Maris 2024 Daurawa ya ce ya ajiye aiki, shi ma a bidiyo ya faɗa aka yaɗa a soshiyal midiya, bayan 'yan kwanaki malamai suka shiga tsakani ya dawo. A satin da abin ya faru in ka leƙa Facebook ba za ka ga mai maganar tarbiyyar yara ba, Kwankwasiyya da Gandujiyya ne kawai ake gwabzawa, kowa ya ɗau ɓangaren da zai ƙona abokin hamayya.

Nan ne maganar ta fi damuna, wato wajen fakewa da guzuma a harbi karsana. Ƙofar da aka buɗe da sunan tarbiyya, da ita ake shigar da masu sukar gwamnati. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu 'yan barkwancin TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na wata guda, ba rawa suka yi ba ba tsiraici suka nuna ba, Gwamna Ganduje suka yi wa shaguɓe. A watan nan dai aka ɗauke wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda wani ɗan rubutu da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da ƙasa ta ɗau ɗumi ɗalibai suka yi barazanar zanga-zanga kafin a janye ƙarar. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka ce an yi ta don 'yan damfara, sashe na 24 nata ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, don kalmomin da aka fara rubuta shi da su a buɗe suke, ko ɓata wa mutum rai ka yi ana iya cewa ka taka doka, hukuncin kuma har shekara 3 ko tarar miliyan 7. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2024 aka yi masa kwaskwarima, amma har yanzu ana kama mutane da shi.

Majalisa kuwa ta sha gwadawa. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin da zai ɗaure mai yaɗa zargi a WhatsApp ko Twitter shekara 2, aka yi masa ca aka janye a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ya kawo nasa na hana yaɗa ƙarya a intanet, wanda zai ba 'yan sanda ikon sa a toshe intanet, mutane suka gano ya yi kama da wata dokar Singapore sosai, shi kuma Sanata Sabi Abdullahi ya kawo na kalaman ƙiyayya mai ɗauke da hukuncin rataya. Duk ba su wuce ba. Bayan zanga-zangar EndSARS, a Nuwamban 2020 gwamnonin arewa da sarakuna suka taru a Kaduna, a lokacin da 'yan bindiga suke kwasar mutane a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin abin da suka fitar har da kiran a sa wa soshiyal midiya linzami. Ka lura su wa suke kawo waɗannan, kusan duk namu ne 'yan arewa, don sun san a nan ne in ka ce tarbiyya ko zaman lafiya za a ce maka amin ba a karanta takardar ba.

Sai babbar, ranar 4 ga Yuni 2021 ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa. Sanarwar ma a Twitter ɗin aka wallafa ta, abin dariya abin takaici. Ministan shari'a Abubakar Malami ya ce za a gurfanar da duk wanda ya ci gaba da amfani da ita, samari suka sauke VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, suka ci gaba da harkarsu, wanda bai taɓa jin kalmar ba ma ya koya a satin. Kwana 222 aka yi kafin a buɗe a 13 ga Janairu 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ba ta bisa doka. Na tuna a lokacin da yawa a nan sun yi murna, ai dama Twitter ta 'yan kudu ce, ta 'yan EndSARS ce. Wata uku bayan rufewar, a Satumban 2021, aka kashe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna da sunan tsaro, mutum sai ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya kira ɗan uwansa ko ya karɓi kuɗi a POS. Dalilin daban ne na yarda, amma hannun da ya saba da makunnin ɗaya ne.

Wani zai ce to ai ƙasashen da suka ci gaba ma suna yi. Haka ne, Indiya ta haramta TikTok a 2020 bayan rikicin iyaka da Chaina, Amurka ta yi doka a 2024 cewa ko a sayar da kamfanin ko a rufe shi, Ostireliya ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi. Amma duba da kyau, ta Indiya da ta Amurka rigimar Chaina ce da bayanan jama'a, ta Ostireliya kuma kamfanonin ta ɗora wa nauyi, su za a ci tara in yaro ya shiga, ba yaron ko uwarsa za a kama ba. Senegal ma ta dakatar da TikTok a 2023, daidai lokacin da aka kama madugun adawa Ousmane Sonko matasa suka fito titi, ka ga wannan ta fi kama da tamu.

Su kuma 'yan siyasar da ke kukan soshiyal midiya ta lalata yara, wa yake saya wa yaran data? Kowane babban ɗan siyasa a arewa yana da rundunarsa, da can sojojin baka ne a rediyo, yanzu 'yan midiya ne, ana ba su waya da ɗan alawus su wuni suna zagin iyayen mutane, wanda ya fi iya cin mutunci shi ake naɗawa mataimaki na musamman. Ashar ɗin da ake yi wa abokin hamayya ba ta cikin lalacewar tarbiyya kenan, sai ta juyo gida.

Abin da ya fi ba ni haushi, ɓarnar da ta fi cin mutane ba ta samun irin wannan ihun. A 2014 saƙon waya ya zaga cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don maganin Ebola, mutane suka kwana suna kiran 'yan uwa da asuba, wasu suka ƙare a asibiti, har da waɗanda suka rasu. A 2018 BBC ta yi bincike a kan yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikicin Filato. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025, cacar ƙwallo ta waya ta cinye jarin samari ba adadi, manhajojin bashi suna tura wa duk lambobin wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne. Waɗannan duk fasaha ce, duk a waya suke, amma ba su da fuskar mace da za a nuna, kuma maganinsu aiki ne mai wahala, sai an bi kuɗi, an matsa wa kamfanoni su ɗauki masu jin Hausa da za su gane zambo da habaici da tunzuri, an koya wa 'yan sanda bincike. Ba a samun tafi a kan wannan.

Su littattafan da aka ƙona kuwa suna nan, sun koma WhatsApp da Wattpad, ana biyan kuɗi a shiga guruf, wasu abin da ke cikinsu ya ninka na 2007 sau goma kuma babu mai tacewa, don da can aƙalla marubuciya tana da suna da maɗaba'a da ƙungiyar da za a kai ƙara. Fim ya koma YouTube, hukumar tacewa tana ta bin sa a baya, a 2025 ma ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan sai sun kawo an duba kafin su saki.

Akwai wata yarinya a layinmu, ba zan faɗi abin da zai sa a gane ta ba. Wani saurayi da suka rabu ya saki hotunanta da ta taɓa tura masa, aka yi ta yawo da su a guruf-guruf na unguwa, ni ma an turo min na goge na kira wanda ya turo na ce kai ba ka da ƙanne ne. Na samu mahaifinta na ce Malam wannan fa laifi ne a doka, a kai yaron nan ƙara. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ɗana in na kai ƙara wa kake ganin za a fara tsarewa, wa za a ɗauka a bidiyo? Ban da amsar da zan ba shi. An cire ta daga makaranta an kai ta wajen gwaggonta a wani gari, auren da ake magana ya watse. Shi kuwa yaron jiya ma na wuce shi a shagonsa yana sayar da layin waya, har ya ɗaga min hannu.